Fashin Baƙi: Wa Ke Ɗaukar Malamin Sinanci Aiki a Ƙasashen Waje, Kuma Wa Ke Biyan Sa?

A watan Agustan 2024 malamai 175 suka tashi daga ƙasar Sin zuwa Saudiyya domin koyar da Sinanci a makarantun gwamnati. Wata goma kafin nan, a Oktoban 2023, ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton cewa Cibiyoyin Confucius, wato cibiyoyin koyar da Sinanci da ƙasar Sin ke tallafawa, da ke jami'o'in ƙasar, waɗanda suka kai kusan 100 a 2019, sun koma ƙasa da biyar. Harshe ɗaya ne, sana'a ɗaya ce, amma a Saudiyya ana shimfiɗa wa malami tabarma, a Amurka kuma ana naɗe ta.

Duk mai shirin fita waje ya ci abinci da koyar da Sinanci, ko Basine ne da ya sha harshen a nono, ko baƙo ne da ya koye shi da gumin goshinsa, daga nan ya kamata lissafinsa ya fara. Yawancin masu neman shawara da tambayar satifiket suke farawa: wanne zan nema? A ganina wannan ita ce tambaya ta uku. Ta farko ita ce wace ƙasa za ka, ta biyu kuma wa zai riƙa biyan ka albashi. Amsar waɗannan biyun ce za ta nuna maka takardar da za ta buɗe maka ƙofa da wadda za ta tsufa a ƙasan akwati.

Sai dai kafin mu je can, akwai wani zato da ya daɗe yana cutar mutane, wato wanda ya iya harshe ya iya koyar da shi. Ɗauki gaisuwar da kowa ya sani, ni hao. A littafi, gaɓoɓin biyu duk suna ɗauke da karin sauti na uku, wanda murya ke nutsawa sannan ta ɗago. A baki kuwa ba haka ake furta su ba. Idan na uku guda biyu suka haɗu, na farkon sai ya rikiɗe ya koma na biyu, mai hawa. Basine yana yin haka tun yana ƙarami ba tare da ya san yana yi ba. To a ce ranar farko a aji wata ɗaliba mai kaifin kunne ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, abin da ka rubuta a allo daban, abin da kake faɗa daban." In bai taɓa zama ya karanci wannan ƙa'ida ba, iyakar abin da zai ce shi ne ai haka ake faɗa. Washegari ta dawo da wata: me ya sa "biyu" wani lokaci er ne, wani lokaci liang? Me ya sa ake ƙirga littafi da ben, takarda da zhang, kifi da tiao? Ina ake saka le, tunda an ce mana aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci? Kafin mako uku ajin ya gane cewa mutumin da ke gabansu ya iya magana amma bai iya koyarwa ba.

Mai jin Hausa zai gane wannan da sauri. Bakinsa na bambanta wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha ba tare da ya tsaya tunani ba, amma ka ce ya nuna wa baƙo inda murya ta hau da inda ta sauka, sai ka ga ya yi jim.

Abin da ya ƙara wa wannan nauyi shi ne tsawon tafiyar. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na bukatar zaman aji na awa 2,200 kafin ya iya aiki da Sinanci, alhali Faransanci ko Sifaniyanci awa 600 zuwa 750 ne. Tafiya mai nisa haka, ɗalibai da yawa a hanya suke zubewa. Saboda haka makarantar da ta san abin da take yi, malamin da zai riƙe mata ɗalibai har shekara ta uku take nema.

Ƙofar gwamnatin Sin

Hanya mafi faɗi, wadda ta fi kowace fitar da malamai, ta gwamnatin Sin ce. Tun 1987 aka kafa ofishin da aka fi sani da Hanban domin yaɗa harshen a waje. A ƙarshen 2004 aka buɗe Cibiyar Confucius ta farko a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, a Disamban 2005 kuma ta farko a Afirka, a Jami'ar Nairobi. Kafin ƙarshen 2019 cibiyoyin sun haura 500 a ƙasashe sama da 160, ban da ƙananan azuzuwa fiye da 1,000 a makarantun firamare da sakandare. Tsarin haɗin gwiwa ne: jami'ar ƙasar da aka sauka ta ba da wuri, wata jami'ar Sin ta turo darakta da malamai, littattafai da wani kaso na kuɗi su zo daga Beijing. A tsakiyar 2020 aka yi wa tsarin garambawul. Hanban ya koma cibiyar da ake kira CLEC a ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, sunan Confucius kuma aka miƙa shi ga wata gidauniya da jami'o'i da kamfanoni suka kafa.

Malamai iri biyu ke fita ta wannan ƙofa. Akwai 'yan sa-kai, galibinsu matasa da suka gama digiri ko suke tsakiyar digiri na biyu, waɗanda ake turawa shekara guda, a sabunta in an so, amma yawanci ba a wuce uku. Akwai kuma malaman da gwamnati ke turawa, masu ƙwarewa, waɗanda wa'adinsu kan kai shekara biyu. Dukkansu sai sun nuna sakamakon jarrabawar daidaitaccen Sinanci da ake kira PSC. Ita wannan jarrabawa 'yan ƙasa take aunawa, domin ɗan Sichuan ko ɗan Guangdong na iya tasowa da lafazin da ya yi nisa da na ma'auni. Mai son koyar da harshen ana bukatar ya samu aƙalla maki 87 cikin 100.

Daɗin wannan hanya a fili yake. Biza, tikitin jirgi, masauki, alawus, horo kafin tafiya, duk wani ne ke ɗauke maka nauyinsu. Ga matashin da bai taɓa fita ba, babu makarantar da ta kai wannan. Tailan ta daɗe tana cikin ƙasashen da suka fi karɓar 'yan sa-kan, kuma dubbai sun fara sanin allo a ƙauyukanta.

Abin da ba a cika faɗa wa matasan ba shi ne ranar dawowa. Ɗan sa-kai ba ma'aikacin makarantar da yake koyarwa ba ne, aro aka ba da shi. Shekarun da ya yi ba sa kai shi ga lasisin koyarwa na ƙasar, ba sa kai shi ga izinin zama na dindindin, kuma idan ya koma gida babu kujerar da ke jiran sa. Jami'o'in Sin, inda ɗaliban waje suke, sun fi son mai digirin digirgir ga muƙami na dindindin, saura kuwa aikin awa-awa ne. Tun 2007 ƙasar ke horar da masu neman digiri na biyu a fannin koyar da Sinanci ga baƙi, kuma da yawansu daga ƙarshe makarantun firamare da sakandare na cikin gida suke komawa, ko su bar koyarwa gaba ɗaya. Wannan na damuna ƙwarai, domin mutum ne ya ba da mafi kyawun shekarun ƙuruciyarsa, ya koyi riƙe aji a ƙasa biyu ko uku, ya dawo yana ɗan shekara talatin ya tarar sai ya sake sabon lale. Duk wanda zai bi wannan hanya ya ɗauke ta a matsayin tsani, ya san matakin da zai taka bayanta tun kafin ya hau jirgi.

Sannan ga siyasa, wadda malami ba shi da hannu a cikinta amma a kansa take saukowa. Jami'ar McMaster ta Kanada ta rufe cibiyarta a 2013 bayan taƙaddama kan sharuɗɗan ɗaukar malamai da ake gindayawa daga Sin. Jami'ar Chicago ta bi sahu a 2014. A 2018 Amurka ta yi dokar da ta hana ma'aikatar tsaronta ba da kuɗin koyar da Sinanci ga jami'ar da ke da Cibiyar Confucius, a 2020 kuma ta ayyana ofishin cibiyoyin da ke Washington a matsayin wakilcin gwamnatin waje. Suwidin, wadda ta buɗe cibiya a Stockholm tun 2005, ta rufe na ƙarshe a cikinsu a 2020. Masu suka na cewa cibiyoyin na kauce wa batutuwa irin su Tibet, Taiwan da murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen, kuma suna yi wa 'yancin bincike tarnaƙi. Masu kare su na cewa harshe da al'ada kawai suke koyarwa. Ko ma wa ke da gaskiya, malamar da ke koya wa yara ƙirga ɗaya zuwa goma ita ce ta haɗa kayanta a tsakiyar zangon karatu.

Gurbin da aka bari, Taiwan ta yi maza ta shiga. A Disamban 2020 ta ƙulla yarjejeniyar ilimi da Amurka, daga 2021 kuma ta fara buɗe cibiyoyinta na koyar da harshen a Amurka da Turai. Wannan ya shafi mai neman aiki kai tsaye, saboda rubutun ɓangarorin biyu ya bambanta. Babban yankin Sin ya sauƙaƙa haruffansa daga 1956, ya kuma ɗauki pinyin a 1958 don rubuta lafazi da baƙaƙen boko. Singafo da Malesiya sun bi sauƙaƙaƙƙen rubutun. Taiwan da Hong Kong sun riƙe na gargajiya, kuma yaran Taiwan da wasu alamomi da ake kira zhuyin suke fara koyon karatu. Jarrabawar da Beijing ke auna Sinancin baƙi da ita HSK ce, ta Taiwan TOCFL. Malamin da ya iya karanta rubutun biyu, ya kuma iya koyar da pinyin ko da bai tashi da shi ba, ya ninka wuraren da zai iya neman aiki.

Inda kasuwar ke bunƙasa yanzu ba boyayye ba ne. Saudiyya ta sanar da shigar da Sinanci manhajarta a Fabrairun 2019, lokacin ziyarar Yarima Muhammad bin Salman a Beijing. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta faɗaɗa shi a makarantun gwamnati daga wannan shekarar, har ya kai makarantu sama da 100. Masar ta fara a wasu ƙananan sakandare a 2022. Afirka ta Kudu ta sa shi cikin darussan zaɓi a 2016, Yuganda a 2019, Rasha kuma ta shigar da shi jarrabawar kammala sakandare a 2019. Indonesiya, inda gwamnatin Suharto ta danne harshen kusan shekara talatin har sai da Shugaba Abdurrahman Wahid ya janye takunkumin a 2000, har yau tana cike giɓin malaman da ta rasa. Amma a lura da wani abu da labarai ba sa fitarwa: mafi yawan waɗannan guraben yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da gwamnati. Malaman nan 175 ba talla suka gani a jarida suka aika da takardunsu ba, tantance su aka yi a gida aka turo su rukuni guda. Mutum na iya karanta cewa ƙasa kaza na bukatar ɗaruruwan malamai, ya je ya tarar babu ko taga ɗaya da aka buɗe wa mai zuwa shi kaɗai.

Ƙofar mai masauki

Hanya ta biyu ta fi wuya nesa ba kusa ba, amma ita ce ke kai mutum ga kafa tushe: makarantar gwamnatin ƙasar ta ɗauke ka a matsayin ma'aikacinta. A nan satifiket ɗin koyar da Sinanci da ka zo da shi daga waje, komai kyansa, ado ne. Abin da ake tambaya shi ne lasisin koyarwa na ƙasar. A Amurka kowace jiha da nata, kuma da yawa sai ka zauna jarrabawarsu. A Ingila akwai shaidar cancanta da ake kira QTS, wadda galibi ake samu bayan horon shekara guda. A Ostireliya sai ka yi rajista da hukumar malamai ta jiha, kuma wanda bai yi karatunsa da Turanci ba ana neman maki 8 a sauraro da magana a jarrabawar Turanci ta IELTS, ma'aunin da ke kayar da mutane da yawa da suka iya aikinsu.

Bayan lasisi sai biza. Amurka na da bizar musaya ta J-1 ga malamin da ya yi shekara biyu yana koyarwa, wadda ke ba shi shekara uku, a iya ƙara masa har biyu, daga nan ya koma. Bizar ƙwararru ta H-1B kuwa guda 85,000 ake bayarwa a shekara ta hanyar ƙuri'a, kodayake jami'o'i ba sa cikin wannan ƙayyadewa. A Satumban 2025 gwamnatin Trump ta sanar da kuɗin dala 100,000 kan sababbin buƙatun wannan biza, adadin da ƙaramar hukumar ilimi ba za ta iya biya saboda malami ɗaya ba.

Akwai wata matsala ƙarama a ido wadda ta fi waɗannan hana mutane aiki, ita ce jadawali. Makaranta na iya son Sinanci da gaske amma ɗalibanta masu ɗaukar darasin ba su wuce aji biyu ko uku ba. Wannan rabin aiki ne, kuma rabin aiki ba ya ɗaukar biza. Shi ya sa malamin da ke da darasi na biyu a hannu, lissafi ko kimiyya ko wani harshen, ya fi wanda ya fi shi zurfi a adabin Sin samun shiga. Wuraren da suka fita daga wannan tarko su ne masu shiri na musamman. Jihar Utah ta yi doka a 2008 ta kafa makarantun da yaro ke yin rabin yininsa cikin wani harshe, kuma Sinanci na cikin manyansu. A can malama lissafi da kimiyya take koya wa ɗan shekara shida da Sinanci zalla, don haka horon firamare ake nema a wurinta kafin komai. Ingila ma ta fara wani shiri a 2016 wanda da farko ɗalibi ke ba harshen awa takwas a mako.

Ko an samu shiga, aji na jira da nasa gwajin. Wanda ya tashi a makarantar da ɗalibai ke miƙewa su gaida malami da murya ɗaya, sai ya tsinci kansa gaban 'yan shekara goma sha uku da suka zaɓi darasin da kansu, kuma suna iya ajiye shi a zango mai zuwa. Ya ce a rubuta harafi sau ashirin, wani yaro ya tambaye shi dalili, kuma da gaske yake tambayar. Ya ɗaga murya, washegari takardar ƙorafin uwa ta iso ofishin shugaban makaranta. Shugabannin makarantu sun san wannan sarai, shi ya sa a intabiyu tambayarsu kan yadda za ka bi da yaron da ya ƙi zama ta fi tambayarsu kan nahawu yawa.

Sauran hanyoyin

Makarantun ƙasa da ƙasa, masu bin manhajar IB ko ta Cambridge, su ne mafarkin yawancin malamai saboda albashi da masauki da karatun 'ya'ya. Suna da kakarsu: daga Oktoba zuwa Fabrairu ake ɗaukar waɗanda za su fara a Agusta, galibi ta hannun kamfanoni irin su Search Associates, ISS da Schrole, kuma sun fi son mai lasisi da ƙwarewar shekara biyu. Wanda ya farka a watan Yuni ya tarar an gama rabo. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nan akwai abin da ya kamata malamin Sinanci ya sa wa ido: makarantun kan raba kwantiragi gida biyu, na wanda aka ɗauko daga waje da na wanda aka ɗauka a cikin gari, kuma sau da yawa malaman harshe a kashi na biyu ake jefa su, ba masauki ba tikiti, alhali aikinsu ɗaya da na maƙwabcinsu mai koyar da tarihi. Tambayar wane irin kwantiragi ne ba rashin kunya ba ce, haƙƙi ne.

Jami'o'i ba su da yawan gurbi. A Amurka ƙidayar ƙungiyar malaman harsuna ta nuna masu ɗaukar Sinanci sun ragu tsakanin 2016 da 2021, a daidai lokacin da Koriyanci ke hauhawa. Makarantun ƙarshen mako na 'ya'yan Sinawa mazauna waje suna ko'ina, amma awa biyu ko uku ne a mako, sun fi dacewa da wanda ya riga ya zauna. Malesiya na da firamaren Sinanci sama da 1,200 da sakandare masu zaman kansu kimanin 60, sai dai malamanta take yayewa da kanta. Wurin da ya fi yawan masu karatu ba lallai ya zama mai bukatar baƙo ba.

Intanet kuwa ta buɗe wa kowa ƙofa, kuma shi ne ciwonta. A dandamali irin su italki da Preply, malami ke saka farashinsa, dandalin ya cire kasonsa, ɗalibi kuma ya zaɓa cikin dubbai bayan kallon bidiyon minti ɗaya. Bayan Yulin 2021, lokacin da gwamnatin Sin ta murƙushe kamfanonin darasin bayan makaranta, ɗimbin malaman da suka rasa aiki suka juya ga koyar da yaran ƙetare, farashi ya ƙara faɗuwa. Wanda ke cin riba a nan shi ne mai fanni takamaimai: shirya ɗalibi don HSK, Sinancin ciniki ga mai sayo kaya, ko karatun yaran da ke jin harshen a gida amma ba sa iya rubuta shi. Wuri ne mai kyau na goge hannu da tara shaidar ɗalibai. Izinin zama a wata ƙasa dai ba ya bayarwa.

Malamin da ba Basine ba

Na fi son in daɗe a kan wannan, domin shi ne wanda aka fi rainawa kuma shi ne zai daɗe. Tallace-tallacen aiki da yawa har yau suna rubuta cewa ɗan asalin harshe kawai ake so. Na fahimci dalilin, iyaye na tsoron lafazi. Amma wanda ya koyi harshen da girmansa yana da abin da ɗan asali ba zai taɓa samu ba: ya san inda ake tuntuɓe domin ƙafarsa ta taɓa bugawa a wurin. Ya tuna makon da ya kasa bambanta sautin zh da na j, ya tuna dabarar da ta fitar da shi. Yana iya yi wa ɗalibi bayani da harshen da ɗalibin ke tunani da shi. Kuma ba ya tafiya bayan shekara biyu. Makarantar da ke sauya ɗan sa-kai duk shekara, ɗalibanta kan maimaita gaisuwa da launuka da sunayen dabbobi sau uku ba su wuce nan ba.

Hukumomin Sin ma sun gane haka, shi ya sa suke ba baƙi guraben karatu don su zama malamai, har zuwa digiri na biyu, wanda ake neman mataki na 5 na HSK da jarrabawar baka ta HSKK kafin a shiga. Tsohon tsarin HSK mataki shida ne, na ƙoli na da kalmomi 5,000. Sabon ma'aunin da ya fara aiki a Yulin 2021 ya kai mataki tara, da kalmomi 11,092 a sama. Mai son koyarwa kada ya tsaya a mataki na 4 ya ce ya isa. Ya sha gaban ɗalibansa da nisa, ya kuma gyara karin sautinsa har ɗan asali ya daina gyara masa, domin kuskuren malami aji guda yake gadar wa. Babban abin da ke ɗauke irin waɗannan malamai daga allo shi ne kamfanonin Sin da ke aiki a ƙasashensu, inda tafinta kan samu abin da ya ninka albashin malami. Ban ga laifin wanda ya tafi ba. Laifin na tsarin da ya horar da mutum shekara huɗu sannan ya kasa biyan sa abin da zai riƙe shi ne.

Yanzu mu dawo kan satifiket. Wanda ya fi karɓuwa a tsarin Beijing shi ne CTCSOL, mai jarrabawar rubutu da ta baka, kuma yana da amfani ga mai bin ƙofar gwamnatin Sin da wasu cibiyoyi masu zaman kansu. Taiwan na da nata daga ma'aikatar iliminta. Bayan waɗannan akwai tarin takardu masu tambarin zinariya da kalmar "ƙasa da ƙasa" a goshi, waɗanda kamfanoni ke sayarwa bayan kwas na 'yan makonni da alkawarin aiki a waje. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ka biya ko sisi, rubuta wa makaranta uku a ƙasar da kake so, ko hukumar da ke ba da lasisi, ka tambaye su ko sun san takardar. Haka ma dillalin da ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido za a gyara daga baya, ko mai aikin da ya ce zai ajiye maka fasfo. In jami'an shige da fice suka zo, malamin ake kamawa.

Kwantiragi kuma a karanta shi da fensir a hannu. Awa nawa ne na aji, nawa ne na zaman ofis? Da wane kuɗi za a biya, na ƙasar ko dala, kuma in darajar kuɗin ta faɗi wa zai ɗauki asarar? Ana biya a watannin hutu? Wa ke da inshorar lafiya? In ka bar aikin kafin wa'adi, me za ka mayar? Takardun shaida ma suna cin lokaci: digiri, shaidar rashin aikata laifi daga 'yan sanda, gwajin lafiya, fassara da tantancewa. Tun 7 ga Nuwamban 2023 da Sin ta shiga yarjejeniyar tantance takardu ta Hague, hatimi ɗaya ya wadatar tsakaninta da ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar, amma ga waɗanda ba sa ciki sai an bi ta ofishin jakadanci kamar da.

Bayan duk wannan, kusan kowace makaranta da darasin gwaji take yanke hukunci. Za a ba ka minti goma ko sha biyar, da mutum uku ko huɗu zaune a matsayin ɗaliban da ba su san ko kalma ɗaya ba, a ce koya musu 'yan uwa na gida. Wani zai buɗe da tarihin haruffa tun daga ƙasusuwan duba na daular Shang, ya cika allo, lokaci ya ƙare babu wanda ya buɗe baki. Wata kuwa za ta ɗaga hoton iyali, ta nuna uwa ta ce mama, ta nuna uba ta ce baba, ta kai hannu kunne alamar tana jira. Su maimaita. Ta nuna wa ta ce gege, ta zana karin sautin a iska da yatsa, miƙe a sama sannan gajere. Wani ya furta shi a karkace, ba ta ce ya yi kuskure ba, ta sake faɗa, ta sake zanawa, ya gyara da kansa. Minti na bakwai ta raba su biyu-biyu, kowa na nuna hoton yana tambayar ɗan uwansa wane ne wannan. Ita tana gefe tana saurare, su kuma masu tantancewar, waɗanda suka shigo da takardar ba da maki, sun ajiye biro suna ta ƙoƙarin tuna yadda ake cewa ƙanwa.